Yadda Ake Karatu Tare da Jarirai da Ƙananan Yara

Idan aka ce wa iyaye su riƙa karanta wa jariri littafi, tambayar da ke fara fitowa ita ce, "To, me ya sani?" Gaskiya ne, ɗan wata huɗu bai san labari ba, bai san baƙi ba, in an miƙa masa littafin ma baki zai kai. Amma ba don ya gane labari ake yi ba. Ana yi ne don ya ji magana a kusa da kunnensa, daga bakin wanda ya saba da shi, a kan abin da su biyun suke kallo tare. Wannan zaman shi ne aikin, littafi kuwa kayan aiki ne. Don haka uwar da ba ta yi boko ba za ta iya, kakar da ba ta taɓa riƙe alƙalami ba za ta iya, gidan da babu kuɗin sayen littafi ma ba a bar shi a baya ba.

Me yaro ke ƙaruwa da shi

Kunne yana riga ido fara aiki. Tun a watanni ukun ƙarshe na ciki ɗan tayi yana jin muryar uwarsa. A 1986 wasu masana biyu a Amurka, DeCasper da Spence, sun sa mata masu juna biyu su riƙa karanta wani ɗan labari a bayyane kullum cikin makonni shida na ƙarshe kafin haihuwa. Da aka haifi jariran aka gwada su, sai aka tarar sun fi karkata ga labarin da suka saba ji a kan wanda ba su taɓa ji ba. Ba ma'ana suka riƙe ba, hawa da saukar maganar suka gane.

Tsakanin wata shida da shekara guda kunnen jariri yana yin zaɓe. Sautukan da yake ji kullum yana ƙara ƙwarewa wajen rarrabe su, waɗanda ba ya ji kuma sai su fara shige masa duhu. Ga ɗan Bahaushe, a nan ne b da ɓ, d da ɗ, k da ƙ, dogon wasali da gajere suke zama masa abu daban-daban. Kuma daga bakin mutum yake ɗauka, ba daga na'ura ba. Patricia Kuhl ta Jami'ar Washington ta gwada wannan a 2003 da jarirai 'yan wata tara daga gidajen da Turanci kaɗai ake yi. Wasu aka zaunar da su sau 12 tare da masu jin Sinanci, suna karanta musu littattafai suna yi musu wasa. Wasu kuma aka nuna musu mutanen a talabijin, ko aka kunna musu muryarsu kawai. Rukunin farko suka koyi rarrabe sautukan Sinanci, sauran ba su koya ba.

Sai kalmomi. Ku saurari irin maganar da ake yi wa ƙaramin yaro a gida daga safe zuwa dare: zo nan, bari, sauka, kawo, kar ka taɓa, je ka kira yayarka. Umarni ne akasari, kuma kalmomin ba su da yawa. Littafi yana shigo da giwa da kada da jirgin ruwa, yana shigo da "ya fusata" da "ta laɓe" da "suka yi shawara", abubuwan da hidimar gida ba ta cika kawo zancensu ba. Wannan tarin kalmomin shi ne jarin da yaro ke shiga aji da shi. Yaron da aka koya wa haɗa baƙi da wasali zai iya furta kalmar da ke kan allo, amma in bai taɓa jin ta ba, ya furta ne kawai, bai karanta ba. Rahoton Bankin Duniya na 2022 ya ƙiyasta cewa a ƙasashen Afirka kudu da Sahara, yara 89 cikin 100 'yan shekara goma ba sa iya karanta ɗan rubutu mai sauƙi su fahimce shi. Makaranta tana da nata laifin a ciki, amma wani ɓangare na gyaran yana farawa tun yaro yana goye.

Na uku shi ne natsuwa. Wajen wata tara jariri yana fara bin yatsa da ido, ya kalli abin da aka nuna, ya juyo ya kalli fuskar mai nunawa. Ta haka suna ke mannewa da abu. A Khayelitsha, wata unguwar talakawa da ke gefen Cape Town a Afirka ta Kudu, an koya wa masu reno yadda ake kallon littafin hoto da yara 'yan wata 14 zuwa 16 na tsawon makonni takwas. Sakamakon da aka buga a 2015 ya nuna yaran sun fi waɗanda ba a yi wa ba yawan kalmomi da kuma iya tsayar da hankali a kan abu ɗaya. Ƙungiyar Likitocin Yara ta Amurka kuwa tun 2014 ta umarci likitocinta su riƙa ba iyaye shawarar fara karatu da yaro tun daga haihuwa.

Abin da wannan zama ba ya yi shi ne mai da ɗan shekara biyu mai karatu. Duk wanda ya tallata muku kati ko bidiyon da zai sa jariri ya iya karatu, kuɗinku yake so.

Daga haihuwa zuwa wata huɗu

Sabon jariri ba ya gani sosai sai abin da ke nesa da idonsa da kamar santimita 20 zuwa 30, wato tazarar da ke tsakanin fuskarsa da ta uwarsa lokacin shan nono. Launuka masu kama da juna ba ya rarrabe su da kyau, baƙi da fari da manyan zane sun fi ɗaukar idonsa. A wannan mataki fuskarki da muryarki sun fi kowane shafi. Waƙar reno, kirari, ko karanta duk abin da ke hannunki a bayyane da tattausar murya, duk sun wadatar. Minti biyu ko uku ya isa, bayan ya ƙoshi an sauya masa ƙunzugu. In ya kau da kai, ya yi hamma, ko ya banƙare, ya gaji ke nan, a bari. Mai jego ba ta bukatar ƙara wa kanta wani nauyi a kan wannan.

Daga wata biyar zuwa shekara guda

Yanzu hannu ya fara cafka, kuma duk abin da ya cafka baki zai kai. Ba ɓarna ba ce, da baki yake gane abu. Littafin da ya dace shi ne mai shafuka na kwali mai kauri ko na ƙyalle, hoto ɗaya babba a kowane shafi: fuskar jariri, kofi, mage, ƙwallo.

A ɗora shi a cinya, bayansa a jikin ƙirjin mai karatu, littafin a gabansu su biyun. A ɗora yatsa a kan hoton a faɗi sunansa a fili, sau ɗaya ko biyu: "Mage. Ga mage." Daga nan a yi shiru, a ƙirga biyar a zuci. Wannan shirun ne mafi yawan manya suke tsallakewa, alhali a cikinsa ne jariri ke samun damar mayar da martani, ko da bugun shafi ne, ko kallo, ko gwaranci. Duk abin da ya yi, a amsa masa kamar magana ya yi: "Eh, mage ce! Miyau take yi." Shi ya faɗa, ke kin amsa, shi ya sake. Tushen hira ke nan.

In ya nace sai ya ci littafin, a ba shi wani abu mai tsabta ya riƙe yana tauna, kamar cokalin roba, mai karatu ya riƙe littafin. Wasan rufe hoto da tafin hannu yana burge 'yan wata takwas zuwa sama: "Ina mage? Ga ta!" Minti uku zuwa biyar, sau biyu ko uku a yini, ya fi zama ɗaya mai tsawo.

Shekara ɗaya zuwa biyu

Ƙafa ta samu, zama ya ƙare. Zai saurari shafi biyu ya tashi, ya zaga ya dawo. Kada a kamo shi a danne, a ci gaba da magana a kan hoton, sau da yawa zai dawo ya leƙa. Zai riƙe littafin a kife, ya juya shafi uku a haɗe, ya fara daga ƙarshe. Duk a ƙyale shi.

A wannan shekara fahimta tana gaban furuci nesa ba kusa ba. Saboda haka a fara da tambayar da zai amsa da yatsa, "Ina akuya?", kafin a zo ga wadda sai da baki, "Mene ne wannan?" A riƙa haɗa hoto da abin da ke gida: "Ga tsintsiya. Ina tamu tsintsiyar?" Ya je ya ɗauko ta, karatu ne. In lokacin yaye ya zo kuma za a kai shi gidan kaka kamar yadda aka saba, a haɗa masa da littafin da ya fi so, a nuna wa kakar yadda ake yi. Abin da ya saba da shi yana rage masa rigima a baƙon wuri.

Shekara biyu zuwa uku

Nan ne ake shiga gajerun labarai, jimla ɗaya ko biyu a shafi, musamman masu amshi da ke dawowa. Nan ne kuma yaro zai ce "a sake" sau goma a kan littafi guda har mai karatu ya gundura. A sake ɗin. Jessica Horst ta Jami'ar Sussex a Ingila ta nuna a 2011 cewa 'yan shekara uku da aka maimaita wa labari guda sun fi riƙe sababbin kalmomi a kan waɗanda aka karanta wa labarai daban-daban masu ɗauke da kalmomin nan. A karo na farko hankalinsa yana kan me zai faru, sai a na uku da na huɗu yake samun sararin kama kalma. Wannan albishir ne ga gidan da littafi biyu kawai ke akwai.

In ya haddace labarin, a riƙa tsayawa kafin ƙarshen jimla ya cike da kansa.

Hanyar tambaya da faɗaɗawa

Wannan dabara ce mai tasiri daga shekara biyu zuwa biyar, kuma ba ta bukatar mai yi ya iya karatu. Grover Whitehurst da abokan aikinsa ne suka tsara ta suka gwada ta a Amurka a 1988. Manufarta ita ce a hankali yaro ya zama mai ba da labarin, babba ya koma mai sauraro da jan zare. Matakai huɗu ne a kan hoto guda: a tambaya, a amsa masa, a ƙara kalma ɗaya ko biyu a kan abin da ya faɗa, sannan a ba shi dama ya sake faɗa.

Uwa: Kai, dubi nan! Mene ne wannan?
Yaro: Kaza.
Uwa: Ƙwarai, kaza ce. Jar kaza.
Yaro: Ja kaza.
Uwa: Yauwa, jar kaza da 'yan tsakinta. Me take nema a ƙasa?

A lura da girman ƙarin. Ya faɗi kalma ɗaya, an mayar masa da biyu. In ya faɗi biyu, a mayar masa da uku ko huɗu. In aka amsa wa "kaza" da doguwar jimla mai kalma goma sha biyar, ta wuce kansa, ba abin da zai ɗauka. A lura kuma uwar ba ta ce "ba haka ake faɗa ba". Ta sake faɗin daidai ɗin ne kawai ta wuce. Haka ma in ya kira akuya kare: "Ƙafa huɗu gare ta kamar kare, amma dubi ƙahonta. Akuya ce." Yaron da ake yawan ce wa "a'a" yana daina amsawa, shi ke nan hira ta mutu.

Tambayoyin suna girma tare da yaron. Ɗan shekara biyu: mene ne, wane ne, ina, me yake yi. Daga shekara uku a shigo da buɗaɗɗiyar tambaya wadda ba ta da amsa guda, "Gaya mini me ke faruwa a nan." Daga huɗu a tambayi dalili da hasashe: "Me ya sa take kuka?" "Me kake jin zai faru in ya buɗe ƙofar?" Mafi daraja a cikinsu ita ce wadda ke haɗa littafi da rayuwar yaron: "Ka tuna ranar da muka je kasuwa da Baba muka ga raƙumi?" Irin wannan tana sa shi ya yi magana a kan abin da ba ya gabansa, kuma irin maganar da makaranta za ta nema daga gare shi ke nan.

Sai dai a yi hattara, tambaya ɗaya ko biyu a shafi ta isa. A karatun farko na sabon littafi ma gara a bar labarin ya tafi kusan ba tsayawa, a ajiye tambayoyi sai karo na biyu.

Shekara uku zuwa biyar

Zama yana iya kai minti 15 zuwa 20. Minti 15 a kullum ya haura awa 90 a shekara.

Yara a wannan mataki hoto suke kallo, ba sa kula rubutu sai an nuna musu. Saboda haka lokaci-lokaci a bi layi da yatsa, a nuna bango a faɗi sunan littafin, a nuna inda ake farawa. A fara da harafin farko na sunansa: "Ga A ɗin Amina." Yaran da ke zuwa makarantar allo ko Islamiyya suna haɗuwa da rubutu iri biyu, don haka a faɗa musu a fili cewa boko daga hagu yake tashi, Larabci da ajami daga dama. Ba ya rikita su in an bayyana. Kacici-kacici, waƙoƙin gaɗa masu amsa-amo, da wasan karya harshe irin na ƙato da kwaɗo suna wasa kunne wajen jin gaɓoɓin kalma, abin da zai bukata ranar da za a fara koya masa haɗa baƙi. In an gama labari, a miƙa masa littafin a ce, "To, yanzu kai ka karanta mini." Zai bi hotuna ya ƙirƙiro rabi, kuma daidai ne.

Tatsuniya ba kishiyar littafi ba ce. Tun daga "Ga ta nan, ga ta nanku" da amsar "Ta zo mu ji ta", har waƙar da ake amsawa a tsakiya da "ƙurunƙus" na ƙarshe, an gina ta ne a kan yaro ya sa baki. Abin da littafi ya ƙara shi ne hoton da za a nuna da yatsa, da kalmomin da ba sa sauyawa kowane karo, da ganin cewa magana tana iya zama a kan takarda. A haɗa biyun. Labarin Gizo da Ƙoƙi da dare, littafi da rana (tunda dai an ce mai tatsuniya da rana ɓata yake yi). Labaran Dodo masu firgitarwa kuwa a jinkirta su ga 'yan ƙasa da shekara huɗu, musamman dab da barci, don ba su gama raba gaskiya da ƙirƙira ba.

Haɗa littafi a gida

Littafin kwali na jarirai da Hausa yana da wuyar samu a kasuwa, amma haɗa shi ba ya cin awa guda. Ana bukatar kwali mai tsabta, almakashi ko reza, gam, faffaɗan salatif mai haske, baƙar maka (alƙalami mai kaurin rubutu), da hotuna.

A zaɓi kwalin taliya, biskit ko madara. Kwalin da ya taɓa ɗaukar maganin sauro, maganin feshi, takin zamani ko sabulun wanki ba ya shiga wannan aiki, tunda baki zai je. A yanka guda shida, kowane santimita 15 tsawo 15 faɗi, a zagaye kusurwoyin don kada su soki ido. Guda shida suna ba da fuska 12: bango biyu da shafi goma.

Hotuna daga tsohuwar kalanda, kwalin kaya, mujalla, ko zanen hannu. Hoto ɗaya a shafi, babba, babu tarkace a bayansa. Littafi guda ya tsaya a kan abu guda: kayan girki (tukunya, ludayi, muciya, ƙwarya, turmi), dabbobin gida, ababen hawa, ko hotunan 'yan gida, wanda jarirai suka fi so fiye da komai. Gidan da ba a son hoton abu mai rai, kayan girki da 'ya'yan itatuwa da motoci sun isa a yi littattafai da yawa. In babu gam, ƙaro da aka jiƙa ko sitacin da aka dama da ruwan zafi yana riƙewa, sai dai a shanya shi ya bushe sarai, in ba haka ba ya yi funfuna ko ya jawo kyankyasai. A ƙarƙashin hoton a rubuta kalma ɗaya da ƙananan baƙaƙe amma ɓaro-ɓaro, tsayin kamar santimita 2, tare da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ yadda ya kamata.

A lulluɓe kowane shafi da salatif, a naɗe bakinsa zuwa baya don kada a bar gefen da ɗan yatsa zai ɓanɓaro. Wajen haɗawa, a jera shafi biyu gefe da gefe, a bar ɗan rata kamar milimita 3 a tsakaninsu, a manna salatif ciki da waje. In ba a bar ratar ba littafin ba zai rufu ba, salatif ɗin zai tsage. Wata hanyar ita ce huda rami uku a gefe a ɗaure kowane da zare mai ƙarfi daban, a yanke saura gajere. Ba a sa ƙusar sitefila, maɓalli, dutsen ado, ko wani abin da bai kai faɗin santimita 3 ba, don yana iya maƙalewa a wuya. Doguwar igiya ma haka. Kafin kowane zama a duba ko wani abu ya fara ɓallewa, in ya yi datti a goge da ɗanyen tsumma da sabulu a shanya. Tela kuma zai iya ɗinka irinsa da ragowar atamfa, wanda ake wankewa.

Abu biyu da ba a miƙa wa jariri: takardar da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah, tunda zai tauna ya yar, da littattafan nan masu kiɗa da ke aiki da ƙaramin batir mai kama da maɓalli in murfinsa ba a ɗaure yake da noti ba. Irin wannan batir in yaro ya haɗiye shi yana iya ƙone maƙogwaro cikin awa biyu, kuma asibiti ake nufa nan take.

Ga yaran da suka haura shekara biyu, akwai labaran Hausa masu hoto kyauta a intanet a African Storybook, StoryWeaver da Bloom Library. A sauke a kai shagon kwamfuta a buga, a manna a kwali. A karanta shi a keɓe tukuna, domin wasu fassara ce mai tauri, wasu kuma babu lanƙwasa a baƙaƙensu. Inda Hausar ba ta zauna ba, a faɗa da bakin gida. Littattafan aji na shirin Mu Karanta a Bauchi da Sakkwato, da na RANA a Katsina da Zamfara, in akwai su a jakar yayye, suna ɗauke da gajerun labarai da za a karanta wa ƙanne.

Da wane harshe, kuma wa zai yi

Da harshen da mai karatu ya fi sakewa a cikinsa. Uwar da ke fama da guntun Turanci ko Faransanci don kada ɗanta ya makara tana rage masa ne, domin a Hausa za ta ba shi kalma ɗari da salo da raha, a wancan kuwa goma. Yaron da ya ƙoshi da harshen gida ya fi saurin ɗaukar na biyu, kuma jin harshe biyu ko uku ba ya jinkirta magana. In littafin da ke hannu na Turanci ne, a bi hotunan a ba da labarin da Hausa.

A gidajen da ake kunyar ɗan fari, uwa ba za ta sake ta zauna tana yi masa hira a gaban mutane ba. Ba sai an yi faɗa da al'ada ba: ta yi a ɗaki, ko kaka, goggo ko wata yaya a gidan ta ɗauki aikin. Uba ma yana da gurbi, ko minti goma ne tsakanin magariba da lisha. Yaya 'yar aji huɗu da ke karanta wa ƙaninta tana gyara nata karatun a lokaci guda, sai dai a nuna mata ta bar shi ya yi magana, kada ta mai da kanta malama mai bulala. In yaran suna da yawa, ƙarami a cinya, manya a gefe, tambayar yatsa ga ƙarami, tambayar dalili ga manya, kuma a hana manyan riga shi amsawa.

Waya

Ƙa'idar Hukumar Lafiya ta Duniya ta 2019 ita ce kada a zaunar da yaron da bai kai shekara biyu ba gaban allon waya ko talabijin, daga biyu zuwa huɗu kuma kada ya wuce awa ɗaya a yini, in ya gaza haka ya fi. A maimakon haka ta ambaci karatu da ba da labari tare da mai reno. In littafin a waya kawai yake, a kashe data don kada saƙo ya katse, babba ya riƙe wayar, a yi hira a kan hoton kamar na takarda, in an gama a ajiye. Miƙa wa yaro waya ya yi shiru wani abu ne daban.

Inda abin ke lalacewa

Kuskuren da ya fi yawa shi ne mai da zaman jarrabawa ko hadda: "Ka ce A. Ka ce B. Ba na gaya maka jiya ba?" Yaron da aka yi wa tsawa a kan littafi yana haɗa littafi da tsoro, kuma cire wannan yana da wuya. Na biyu shi ne adana littafi a ƙasan akwati don kada ya lalace. A bar biyu ko uku a kwando inda hannunsa zai kai, a ɓoye masu laushin takarda sai ana tare. In ya yaga, a ɗauko salatif a gyara a gabansa a ce, "Littafi a hankali ake buɗe shi." Ɗan wata goma sha takwas bai mallaki yatsunsa ba tukuna, yawanci sai wajen shekara biyu da rabi yake iya juya shafi ɗaya-ɗaya.

Sauran matsalolin na lokaci ne da wuri. Yaro mai jin yunwa ko barci ko zazzaɓi ba zai saurara ba. Rediyo ko talabijin a kunne yana cinye muryar mai karatu. Ba dole ne a kai ƙarshen littafi ba, a tsaya tun yana jin daɗi. A liƙa zaman da wani abin da ake yi kullum, kamar bayan wankan yamma, don kada a manta. In babu wuta a yi da hasken rana ko fitilar sola, kada a shiga gidan sauro da kyandir ko aci-balbal.

Lokacin da za a je asibiti

Zaman littafi yana sa a lura da abin da hidima ke ɓoyewa. A kai yaro a duba shi idan ba ya firgita da ƙara mai ƙarfi, ko ya kai wata shida ba ya juyowa wajen murya. Haka in ya kai shekara guda babu gwaranci, ko ya kai wata 15 ba ya nuna abu da yatsa kuma ba ya kallon inda aka nuna masa, ko wata 18 babu kalma ko ɗaya, ko shekara biyu bai fara haɗa kalma biyu ba. Wanda ya fara magana sannan ta ɓace, kada a jira ko kaɗan. Mai kai littafi dab da hanci, ko mai karkata kai yana runtse ido ɗaya, idonsa za a duba.

Kada a tsaya ga "babansa ma bai yi magana da wuri ba". Abin da ake fara gwadawa shi ne ji, musamman ga yaron da ya yi shawara mai tsanani yana jariri, ko sanƙarau, ko ƙyanda, ko kunnensa ke yawan zubar da ruwa, domin duk waɗannan suna iya taɓa ji. A nemi a tura ku sashen kunne, hanci da maƙogwaro na babban asibiti. Kafin ranar ganin likita a ci gaba da zaman, amma a sauya wuri: maimakon bayansa a ƙirjinki, ki zaunar da shi yana fuskantarki, littafin a gefen fuskarki, yadda zai ga hoton ya kuma ga bakinki.